Ƙurajen Jarirai Da Hanyar Zuwa Wurin Likitan Fata

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, wanda duk ya taɓa zuwa gwajin koyarwa a ƙauye ya riga ya sani aikin malami ba ya ƙarewa a bakin ƙofar aji. Ana kawo masa wasiƙa ya karanta, ana kawo masa takardar asibiti ya fassara, wata rana kuwa sai mace ta kwance goyonta, ta buɗe rigar jariri, ta ce, "Malam, dubi abin da ya fito masa, me zan shafa?" To, mu ba likitoci ba ne, ba kuwa za mu zama ba. Amma amsar da mu ke bayarwa a wannan lokaci tana iya gajarta wahalar yaro, tana kuma iya tsawaita ta. Na koyi wannan ta hanya mai ban kunya, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta.

Yayata tana zaune a Bukuru. Da ɗanta ya kai wata biyar, cikin Disamba, sa'ad da hunturu ya kankama, sai ƙananan ƙuraje suka feso masa a tafin hannu da tafin ƙafa da hammata. Da rana da sauƙi, amma dare na yi sai kuka, yana ta goga ƙafafunsa da juna. Kakarmu ta duba ta ce haƙori ne. Wata maƙwabciya ta ce ƙurajen zafi ne, ko da ya ke a sanyin Jos na watan Disamba ban san inda zafin ya fito ba. Aka yi masa wanka da sabulun salo, aka shafa man kaɗanya, aka barbaɗa hoda. Da abin ya ƙi, Yaya ta tafi wurin wani mai kemis, ya ba ta wani man shafawa irin wanda a ke ce wa mai aiki uku. Kwana uku yaro ya yi barci, kowa ya yi murna. Da mai ya ƙare ƙuraje suka komo, har sun fi na da. Aka sake saye, aka kuma sakewa. Cikin mako shida fuskar yaron ta yi ɓulɓul kamar ya yi ƙiba, fatar cinyarsa ta yi haske, waɗansu ƙurajen kuma suka ɗuri mugunya.

Sa'an nan fa muka tafi ƙaramin asibitin unguwa. Malamar asibiti ta duba, ta ce wannan ya wuce nan, ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a cikin Jos. Muka sami layi tun da sassafe, ba mu ga likita ba sai wajen azahar. Ya sa aka tuɓe yaron gaba ɗaya, ya duba tsakanin yatsunsa da ɗan madubi, sa'an nan ya ɗaga kai ya ce wa Yaya, "Maman yaro, wane ne kuma ya ke susa a gidanku?" Ta ce ita ma tana ji kaɗan da dare. Sai ya juyo wajena ya ce, "Malam, miƙo hannunka." Na miƙa. Ya nuna mini waɗansu 'yan layuka a wuyan hannuna, waɗanda na yi wata uku ina susa ina cewa bushewar hunturu ce. Ya ce ƙazuwa ce. Ni ne na ɗebo ta daga ɗakin kwananmu na kai gidan lokacin hutu, ina ɗaukar yaron ina yi masa wasa.

Ƙazuwa, watau, wani ɗan ƙwaro ne ya ke kawo ta, girmansa bai kai rabin milimita ba. Macen ta kan haƙa rami cikin fata ta riƙa saka ƙwai biyu ko uku kowace rana. Wanda bai taɓa yin ta ba ya kan yi mako 4 zuwa 6 kafin ƙaiƙayi ya fara, a cikin wannan lokaci kuwa yana raba wa mutane bai sani ba. Ga babba ta fi kama tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, amma ga jariri tana kama tafin hannu, da tafin ƙafa, har da kai da fuska, abin da ya sa uwaye ba su cika gane ta ba. Ba ciwon ƙazamai ba ne kamar yadda a ke faɗi. Cunkoso da haɗa shimfiɗa su ne abokanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutum miliyan 200 ko fiye suna ɗauke da ita, a 2017 kuma ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Kada kuma a rena ta don ƙaiƙayi ce kawai. Inda aka sosa ƙwayoyin cuta su kan shiga, waɗansunsu kuwa suna iya taɓa ƙodar yaro bayan 'yan makonni, har a ga fuska ta kumbura fitsari ya yi ja.

Maganinta ba shi da wuya, in an san ita ce. Akwai man da a ke kira fametirin, wanda a ke shafa wa jikin duka a bar shi ya kwana, a wanke da safe, a sake bayan mako guda. Jaririn da bai kai wata biyu ba an fi yi masa da man farar wuta, shi ma sai likita ya auna ƙarfinsa. Babban sharaɗi shi ne a yi wa kowa da ke gidan rana ɗaya, mai susa da wanda ba ya susa, a wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi a shanya a rana, gama ƙwaron ba ya wuce kwana biyu ko uku da rai in ba a jikin mutum ba. Ƙaiƙayi ya kan ci gaba har mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwaron ya mutu. Wannan ba alamar magani ya gaza ba ce.

To, me ya kumbura fuskar yaron? Nan ne zan daɗe, domin nan ne mu ke yin ɓarna. Irin man nan mai aiki uku magani uku ne aka haɗa: na ƙyasbi, da na ƙwayoyin cuta, da wani mai kwantar da kumburi da ƙaiƙayi wanda likitoci su ke kira sitiroid. Wannan na ukun magani ne na kirki ƙwarai a hannun wanda ya sani. Tun 1952 aka fara shafa irinsa mai sauƙi, haidurokotison, ya kuwa taimaki masu ciwon fata ba iyaka. Amma na cikin man nan mai ƙarfi ne, ba na jarirai ba. In ka juya kwalin za ka ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Fatar jariri ba ta da kauri kamar tamu, faɗinta kuma yana da yawa in an gwada da nauyinsa, saboda haka abin da aka shafa ya kan shige cikin jini, balle in an rufe wurin da ƙunzugu. Sai fata ta yi sirara ta yi haske, fuska ta cika, ƙarfin jiki na yaƙi da cuta ya ragu. Ƙazuwa da ƙyasbi kuwa su kan ji daɗi, su yaɗu a ɓoye, tun da ya ke an kashe ƙaiƙayin da ya ke tona musu asiri. Har wa yau, ya kan sāke kamannin ƙurajen, likita ya duba ya rasa gane asalinsu. Likitanmu ya ce da mun zo a makon farko ba mu shafa kome ba, da malamar asibitin unguwa ma ta gama aikin. Ya kuma gargaɗe mu, yaron da aka daɗe ana shafa masa irin wannan mai ba a tsayar masa da shi yadda aka ga dama, sai likita ya duba ya faɗi yadda za a yi.

Yanzu bari mu koma ga tambayar uwar nan mai goyo. Abin da malami zai fara rarrabewa shi ne, wane ne zai iya jira, wane ne kuma ba zai kwana a gida ba.

Da yawa daga abin da ya ke fitowa jikin sabon haihuwa ba ciwo ba ne. 'Yan fararen ɗigo a hanci, da ɓawo mai maiƙo a tsakar ka, da shuɗin tabo a gadon baya ko ɗuwawu wanda yaranmu da yawa su ke zuwa da shi, duk su kan wuce da kansu. Ƙurajen zafi kuwa, a nan Jos ma ana samunsu, domin tsoron sanyi ya kan sa a naɗe jariri da riga uku da hula da bargo a cikin ɗakin da aka hura gawayi. A rage tufafi, su kwanta. (Gawayi a rufaffen ɗaki ma wani haɗari ne dabam, hayaƙinsa marar wari yana kisa.)

Amma ga waɗanda ba a jira da su. Jaririn da bai cika wata biyu ba, in jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi ba ya motsi kamar da, ko da ƙurjin ɗaya ne tak, a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne. Haka in cibiya ta yi mugunya fatar kewayenta ta kumbura, ko ƙuraje masu ruwa sun yi yawa, ko fata tana saɓulewa kamar ƙuna, ko an haifi yaro da bororo a tafin hannu da ƙafa. Haka kuma idon da ya yi rawaya tun ranar haihuwa, ko rawayar da ta sauka har tafin ƙafa. Shawarar jarirai in ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, shanya yaro a hantsi kuwa ba ya maganinta. A asibiti akwai fitila ta musamman da a ke sa shi ƙarƙashinta. Tun da na ambaci wannan, a faɗa wa uwaye su daina ajiye kayan jariri da kafur, gama akwai yara da yawa a ƙasarmu da aka haifa da wani irin jini wanda kafur ya ke farfasa shi, ya jawo shawara. Cibiya kuwa ba a gasa ta, ba a sa mata toka ko man goge haƙori. Akwai man kulohekzidin da a ke bayarwa a asibitocin haihuwa domin wannan.

Wata wahala a nan ita ce, littattafan kiwon lafiya da yawa sun ce a duba "ja", alhali a baƙar fata ja ba ya cika nunawa. Wurin ya kan yi duhu ne fiye da sauran jiki, ko ya yi toka-toka, ko ya yi sheƙi. Sai a taɓa da bayan hannu a ji ko ya fi zafi. Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba. A 2020 wani ɗalibin likita a London, Malone Mukwende, haifaffen Zimbabuwe, ya haɗa kai da malamansa suka fitar da ɗan littafi mai nuna yadda alamun ciwo su ke a baƙar fata, domin ya ga hotunan da a ke koya musu da su kusan duk na farar fata ne.

Tsakanin waɗannan biyu akwai masu yawa, waɗanda ba su kisa yau amma ba su tafiya da kansu, su ne kuwa masu bukatar wanda ya ƙware. Akwai kircin nan mai bushe kumatu da gaɓoɓi, mai tafiya yana komowa, wanda ya ke bin gidajen da a ke da asma. A tudun Jos, mai tsawon wajen ƙafa 4,000 bisa teku, iskar hunturu ta kan tsananta shi ƙwarai. Maganinsa na kullum shi ne wanka gajere da ruwa mai ɗumi, ban da sabulu mai kaifi da soso, da shafa mai marar turare kamar basilin sau da yawa a yini. Akwai makero, wanda ya fi kama yaran da suka fara tasawa, su ne kuwa za mu tarar cike da azuzuwanmu. Shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi domin yana cikin gindin gashi, sai an sha magani irin su girisofulbin mako 6 zuwa 8. Akwai kuma wani jan kumburi na jijiyoyin jini da ya ke fitowa makonni kaɗan bayan haihuwa yana girma. Yawancinsa ya kan koma da kansa cikin shekaru, amma in yana kusa da ido ko hanci ko leɓe ba a jira. A 2008 likitoci a birnin Bodo na Faransa suka gane wani tsohon maganin zuciya, furofaranolol, yana sa shi ya ƙanƙance. Kada a bari wanzami ya tsaga irin wannan, jini zai yi ta zuba. Jaririn da aka haifa zabiya kuma, tun daga farko ya ke bukatar inuwa da hula da riga mai dogon hannu, da likitan fata da na ido masu duba shi a kai a kai.

Ina ne fa a ke samun gwanin? Aikin lafiya a Nijeriya hawa uku ne. Na ƙasa su ne ƙananan asibitocin unguwa da ƙauye, na tsakiya manyan asibitocin jiha da na mishan, na sama kuwa asibitocin koyarwa. Mu mutanen Filato mun yi sa'a, gama muna da dukan hawa ukun kusa. Akwai asibitin Vom, wanda mishan ta S.U.M. ta kafa a 1922. Akwai Jankwano a cikin Jos, wanda S.I.M. ta buɗe a 1959 da sunan Evangel, yanzu kuwa shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. Akwai asibitin O.L.A. na 'yan Katolika, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato. Sa'an nan ga asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wanda kowa ya ke kira JUTH, da ya tashi daga tsohon wurinsa na cikin gari ya koma Lamingo; yana da sashen yara, da ɗakin sababbin haihuwa marasa lafiya, da likitocin fata, yana kuma da rassa a Gindiri da Zamko domin mutanen nesa.

Sai dai a san abu guda. Likitan fata ba ya samuwa da arha. Bayan shekara 6 a jami'a, da shekarar koyon aiki a asibiti, da bautar ƙasa, sai ya ƙara waɗansu shekaru biyar ko fiye yana ƙwarewa, ya ci jarrabawar manyan likitoci. Saboda haka ba su da yawa a ƙasar duka, yawancinsu kuwa suna manyan birane, suna da ranakun da su ke ganin masu ciwon fata, ba kullum ba. Ƙarancin nan ya game Afirka, shi ya sa ma aka buɗe wata makaranta a Moshi ta ƙasar Tanzaniya a 1992 domin koya wa ma'aikatan asibiti waɗanda ba likitoci ba aikin fata. Wanda ya tashi daga Mangu ko Fankshin ya nufi Lamingo ba takarda, ya ce shi likitan fata ya ke nema, mai yiwuwa ne ya yi asarar kuɗin mota ya koma da ranar da zai sake zuwa. Ga jariri, ƙofar da ta fi kusa ita ce ta likitan yara. Shi ne zai duba yaron duka, nauyinsa da shan nononsa da jininsa, gama waɗansu ciwukan fata daga ciki su ke, kamar tamowa mai sa fata ta yi ta ɓarewa gashi ya yi ja. In ya ga abin na likitan fata ne, shi zai aika, ko ya kirawo shi. Takardar da malamar asibitin unguwa ta rubuta mana ita ce ta buɗe mana wannan ƙofa. Amma wannan tsari na masu iya jira ne. Yaron da ya ke da alamun haɗarin da na faɗa, a nufi ɗakin gaggawa na yara kai tsaye, ba a bukatar takarda.

Ranar tafiya, kada a shafa wa yaro kome, ko hoda ko shuɗin magani, domin likita da ido ya ke fara aiki. A tattara dukan abin da aka taɓa shafawa ko aka ba shi ya sha a zuba a leda, har kwalin da ya ƙare, har na gargajiya, a faɗi gaskiya. Yaya ta so ta ɓoye nata don kunya, da ta ɓoye kuwa da ba a gane dalilin kumburin fuskar da wuri ba. A tafi da katin rigakafi. In akwai waya mai ɗaukar hoto, a ɗauki ƙurajen tun ranar farko a wuri mai haske, domin su kan sāke kafin a ga likita. A nan ne malami ya ke da amfani na ainihi: ya zauna da uwar ya rubuta mata a 'yar takarda ranar da abin ya fara, inda ya fara, ko yaro ya yi zazzaɓi, da wanda ya ke susa a gida. Kafin a fito daga ɗakin likita kuma a tambayi sunan ciwon a sa a rubuta, a tambayi yawan man da za a shafa da kwanakin da za a yi, da ranar komowa. Maganar kuɗi ma a yi ta a fili. Likita ya kan san wani magani mai sauƙin kuɗi in an gaya masa, waɗanda kuma suka shiga tsarin inshorar lafiya na jiha su tafi da katinsu.

Mu dai mutum bakwai aka shafa wa magani dare ɗaya a gidan Yaya, har da Kaka, wadda ta yi ta faɗa tana cewa ita ba abin da ya same ta. Na koma makaranta na gaya wa mai kula da ɗakin kwananmu, aka yi wa ɗakin duka, aka fitar da katifu rana. Yaron ya sha maganin mugunya na mako guda, fuskarsa ta saɓe a hankali. Abin da ya rage shi ne farare-fararen tabo a cinya da ciki, waɗanda suka hana Kaka barci, domin ita a zamaninta farin tabo kuturta ne, ta kuwa san mutanen da aka kai Mangu. Da muka koma ta bi mu, ta ce wa likita, "Ɗana, ka gaya mini gaskiya." Ya ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki." Ya bayyana mata kuturta ta kan yi shekaru a jiki kafin ta nuna, da wuya ƙwarai a gan ta ga jariri, tabonta kuma ba ya jin taɓi, ko da ita ce ma, yanzu tana warkewa sarai da magani na wata 6 ko 12 wanda a ke bayarwa kyauta. Wannan kuwa sawun ƙuraje ne da na man da aka shafa, launin zai komo da kansa. Ya ɗauki wajen wata biyar kafin ya komo.